Ɗaga ƙarfe ko atisayen tabarma, wanne ya fi wa mai hawa keke?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce duk Asabar kana yin kilomita 50 zuwa 60, da ka wuce awa ɗaya da rabi sai kwankwaso ya riƙe maka wuya ya sage, shi ne kake tambaya ko ka biya kuɗin jim ka fara ɗaga ƙarfe ko kuma ka zauna gida kana filank (wato riƙe jiki a miƙe sak kana dogare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa) da miƙe jijiya a kan tabarma. To gaskiya ba aiki ɗaya suke yi ba, kowanne da ciwon da yake magani.

Ka fara duba abin da keken yake wa jikinka. In kana juya feda sau 90 a minti, a awa ɗaya ƙafarka ta zagaya sau 5,400 kenan, kuma duk a duƙe kake, ƙugu a lanƙwashe, kai a ɗage kana kallon titi. Cinya tana shan aiki tana ƙara ƙarfi, amma tsokar ciki da kwiɓi da gadon baya su aikinsu kawai su riƙe ka, kuma keken ba ya horar da su yadda ya kamata, in suka gaji sai ka ga ƙugu ya fara rawa a kan sirdi, nauyinka ya koma kan hannu, daga nan sai yatsu su fara mutuwa ƙeya ta ɗau zafi.

Shi ƙarfe abin da yake bayarwa ƙarfin taka feda ne, musamman a ƙarshen tafiya lokacin da kowa ya galabaita. Akwai wani masani a garin Lillehammer na ƙasar Norwe, Bent Rønnestad, shi da abokan aikinsa sun sa ƙwararrun masu keke ɗaga ƙarfe mai nauyi sau 2 a sati har sati 12, sikwat ne (wato tsugunawa da miƙewa da ƙarfe a kafaɗa) da tura ƙarfe da ƙafa ɗaya da ɗage dunduniya, nauyin da ba za ka iya ɗagawa fiye da sau 4 zuwa 10 a jere ba. Da aka gwada su, bayan sun yi minti 185 suna tuƙi sai aka ce su zage iya ƙarfinsu na minti 5, waɗanda suka ɗaga ƙarfe ƙarfinsu ya ƙaru da wajen kashi 7 cikin 100, waɗanda suka tsaya a keke kawai ba su samu wannan ƙarin ba. Kuma sun gano in ka gina ƙarfin, sau 1 a sati ya isa ya riƙe maka shi. Abu na biyu da ni ya fi damuna shi ne ƙashi. Keke ba ya ɗora wa ƙashi nauyi kamar gudu ko tsalle, shi ya sa ake yawan samun masu keken tsere ƙashin bayansu bai kai ƙwarin na sauran 'yan wasa ba, kuma babu filank ɗin da zai gyara wannan, sai nauyi. In ka haura shekara 40 wannan maganar taka ce.

Amma ƙarfe yana da sharaɗi. Yana cin kuɗi, yana son wanda zai tsaya a kanka ya gyara maka tsayuwa, don sikwat da baya a gantsare ko a ƙudundune shi ne hanya mafi sauri ta ƙara wa kwankwason naka ciwo. Tsamin jiki kuma yakan fi tsanani kwana 1 zuwa 2 bayan ɗagawa, kaga in ka ɗaga ranar Juma'a ka kashe hawan Asabar da hannunka. Sannan in ka shiga jim za ka tarar yawancin samari ƙirji da damtse suke ginawa, kar ka bi su, wannan kaya ne kawai za ka ɗauka ka hau tudu da shi.

Tabarma kuwa ba za ta ƙara maka gudu kai tsaye ba, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Abin da take yi shi ne ta sa ka iya zama daram a kan sirdi awa uku ba tare da jiki ya wargaje ba. Farfesa Stuart McGill, wanda ya daɗe yana bincike a kan ƙashin baya a jami'ar Waterloo a Kanada kafin ya yi ritaya, yana da atisaye guda 3 da ya fi ba da shawara. Na farko ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ɗaya a miƙe, tafukan hannu a ƙarƙashin kwankwaso, ka ɗan ɗago kai da kafaɗa kaɗan kawai. Na biyu filank na gefe, ka dogara da gwiwar hannu jiki a miƙe sak. Na uku ka durƙusa kamar mai rarrafe ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare, sannan ka canza. Kowanne sakan 10 ake riƙewa a huta a sake, ba wai ka daskare minti uku kana rawar jiki ba. Ni ranar da na fara na gefen nan, ɓangaren dama lafiya lau, da na juya hagu tun a zagaye na uku kwiɓina ya kama karkarwa ƙugu ya dinga sauka ƙasa, a nan na gane me ya sa kullum gefen hagu ne yake min ciwo in na yi nisa. Wani abu kuma, shi McGill yana hana lanƙwasa baya sosai da zarar an tashi daga barci, saboda faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya yakan cika da ruwa cikin dare, don haka ka bari ka ɗan zazzaga kamar awa ɗaya tukunna, ko ka mayar da shi yamma.

Miƙe jijiya shi ne mafi rauni a cikinsu in shi kaɗai ne, amma yana da amfani a wuri biyu: gaban ƙugu da bayan cinya. Ka kafa gwiwa ɗaya a ƙasa, ɗaya ƙafar a gaba, ka matse mazaunai ka tura ƙugu gaba, sakan 30 kowane gefe. Bayan ka sauka daga keke ake yi jiki da ɗumi, don dogon miƙewa na sama da minti ɗaya kafin hawa yana ɗan rage wa tsoka ƙarfi.

To kai da kwankwaso ne matsalarka, ni dai da tabarma zan ce ka fara, minti 15 sau 3 a sati, na sati 4 zuwa 6. Kafin nan ma ka duba tsayin sirdinka, ka zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkata ba, in sai ka karkace kake kaiwa to sirdin ya yi sama, kuma wlh mutane da yawa wannan ne kawai ciwonsu. Bayan nan sai nauyi ya shigo, kuma ba dole sai jim ba da farko, jarka mai lita 25 in ta cika ruwa kilo 25 ce, ka fara da rabi, ka rungume ta a ƙirji ka dinga hawa dakali da ƙafa ɗaya kana sauka a hankali, sau 8 kowace ƙafa, zagaye 3, Litinin da Laraba. Ranar da cikakkiyar jarka ta zama ba komai, lokacin kuɗin jim zai yi maka amfani.

Sai dai in ciwon yana sauka ta mazaunai har cikin ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi, dan Allah ka ajiye duka biyun ka je likita ya duba ka tukunna.