CMake ko Autotools don Shirya Laburaren Matse Sauti

Ɗan'uwa, game da tambayarka ta wanne za ka shirya laburarenka na matse sauti da shi tsakanin CMake da Autotools, kayan aiki biyu da ake tsara haɗa kod da su, shawarata ita ce ka ɗauki CMake. Na yi aiki da duka biyun a kan wani ƙaramin laburare, wato tarin kod da wasu manhajoji ke kira, da na rubuta da harshen C don matse muryar magana, kuma abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Kamfanin Kitware ne ya fito da CMake a shekarar 2000, kuma amfaninsa shi ne da fayil guda, wato CMakeLists.txt, ana iya haɗa laburare a Linux da macOS da Windows, har ma da Android ta hanyar NDK, kayan haɗa kod ɗin C na Android. Ban san darajar wannan sosai ba sai ranar da wani mai rubuta manhaja, wanda ban taɓa gani ba, ya aiko mini da saƙo cewa ya sauko da laburaren, ya buɗe shi a Visual Studio, kayan rubuta manhaja na Microsoft a Windows, ya rubuta layi biyu kacal a nasa aikin, find_package da target_link_libraries, kuma kafin ya tashi daga kujera muryarsa ta shiga ta fito a matse. Bai tambaye ni komai ba, godiya kawai ya zo yi. Na daɗe ina sake karanta saƙon nan, domin kafin lokacin duk wanda ya taɓa laburaren a Windows sai mun shafe kwanaki muna musayar wasiƙu. Abin da ya kawo wannan sauƙin kuwa shi ne na yi haƙuri na rubuta sashen install yadda ya kamata, na yi amfani da GNUInstallDirs don kowane fayil ya sauka a mazauninsa, sannan na fitar da fayil ɗin Config wanda find_package ke nema.

Autotools kuma ba zan ce ba ya aiki ba. Ya daɗe, masu shirya fakiti na Debian da Fedora, nau'o'in Linux biyu, sun san shi ciki da bai, amma harshen m4 da yake amfani da shi, da lissafin siga mai lamba uku na libtool, ɗaya daga cikin kayansa, sun cinye mini lokaci mai yawa, kuma da mutum ya doshi kayan haɗawa na Microsoft sai hanya ta toshe.

Sai dai akwai abubuwa uku da CMake ba zai yi maka su da kansa ba. Na farko fayil ɗin pkg-config, mai faɗa wa wasu manhajoji yadda za su haɗu da laburarenka, wanda dole ka rubuta samfurinsa da hannunka ka cike shi da configure_file. Na taɓa manta sa -lm, wato laburaren lissafi na C, a layin Libs.private, kuma tun da lissafin matse sauti cike yake da cos da log, duk wanda ya yi ƙoƙarin haɗa laburaren a cikin jikin manhajarsa sai ya tarar da jerin ƙorafin cewa ba a ga waɗannan ayyuka ba. Na biyu lambar SOVERSION, wadda ke nuna wa manhajoji ko sabon laburare ya dace da tsohon: ka ɗaga ta duk ranar da ka sauya tsarin wani aiki ko girman wani struct da ke fili, in ba haka ba tsofaffin manhajoji za su ci gaba da kiran sabon laburare da tsohuwar fahimta. Na uku, ka ɓoye duk ayyukan cikin gida, ka bar waɗanda ka yi niyya kawai a bayyane, saboda duk sunan da ka bari a waje wani zai dogara da shi.

Batun rubuta bayani shi ne inda nake so ka fi ba da ƙarfi, kuma a nan Doxygen, kayan aikin da ke ciro bayani daga sharhin cikin kod, wanda Dimitri van Heesch ya fara fitarwa a 1997, ya wadatar, tun da bayanin yana zaune ne a cikin fayil ɗin heda, daidai inda mai amfani yake dubawa. Ka duba yadda masu Opus suka yi, wato tsarin matse sauti da IETF, hukumar ƙa'idojin intanet, ta tabbatar a takardarta RFC 6716 a shekarar 2012. A bayanin opus_encode sun faɗa ƙarara cewa frame_size adadin samfur ne na kowace tasha guda, wato hanyar sauti ɗaya, kamar ta hagu ko ta dama a sitiriyo. Ga dalilin da ya sa wannan jimla take da nauyi: milisakan 20 a kan 48 kHz samfur 960 ne, amma idan sautin sitiriyo ne, ma'ajin yana ɗauke da lamba 1920, wato bayit 3840 idan kowace lamba bit 16 ce. Wanda bai karanta ba zai iya miƙa 1920, kuma da yake 1920 halastaccen girma ne na milisakan 40, laburaren ba zai ƙi ba, zai wuce ƙarshen ma'ajin ya karanto abin da ba sauti ba. Irin wannan kuskuren ya faru da wani a nawa laburaren, kuma laifin nawa ne, domin abin da na rubuta kawai shi ne “girman firam”, ban faɗi ma'aunin ba. Saboda haka a kan kowane aiki ka rubuta ma'auninsa, da yadda aka jera tashoshi, da wanda ke da alhakin sakin memori, da ko zare biyu, wato sassan manhaja da ke gudana tare, za su iya taɓa na'urar matsewa ɗaya a lokaci guda, da kuma yawan jinkirin da matsewa ke sakawa a farkon sauti. Ka haɗa da gajeren misali da yake haɗuwa ya yi aiki, da fayilolin gwaji da mutum zai auna abin da ya fito da su. FLAC ma, wani tsarin matse sauti, yana ajiye lambar tantancewa ta MD5 ta asalin sautin a cikin kowane fayil don irin wannan tantancewar.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa maka: ka yi hattara da masu sayar da kayan matse sauti a rufe. Na taɓa sayen irinsu daga wani kamfani, aka ba ni fayil ɗin da aka riga aka haɗa da 'yar takardar bayani, kuma da na bincika cikinsa da umarnin strings sai na tarar da sunayen ayyukan wani sanannen laburare mai lasisin buɗaɗɗen kod na LGPL, an goge sunan masu shi an liƙa nasu. Da na saka shi a fakitina, da ni ma na raba kayan sata ban sani ba. Akwai kuma masu neman a biya su kuɗin haƙƙin ƙirƙira na MP3, alhali haƙƙoƙin sun ƙare kuma shirin ba da lasisinsa ya rufe tun 2017. Duk kod ɗin da za ka aro, ka nemi asalinsa da lasisinsa a rubuce kafin ka biya ko ka saka.

Kai ma ka zaɓi lasisinka tun yanzu ka ajiye shi a fayil mai suna LICENSE. Opus da libFLAC duka lasisin BSD suke amfani da shi, kuma hakan na cikin abin da ya sa kamfanoni suka karɓe su ba tare da fargaba ba. Kafin ka saki siga ta farko, ka ba wani da bai taɓa ganin kod ɗin ba fakitin a kwamfutar da babu komai naka a kai, ka zauna gefensa ka yi shiru, ka riƙa rubuta duk inda ya tsaya yana neman bayani.