Hattara da masu sa wa mota kwamfuta: damfarar sansar kamshaf

Assalamu alaikum. Masu mota, musamman masu Corolla da Camry da Accord da sauran 'yan Beljiyam, ina jan hankalinku kan wata cuta da ake yi a garejojinmu da sunan "an sa wa mota kwamfuta". Akwai masu tsoron Allah da yawa a wannan sana'a, amma baragurbin cikinsu sun gane cewa da zarar mai mota ya ga lamba a fuskar na'ura, bakinsa ya mutu.

Mota ta fara wuyar tashi, sai an daɗe ana murza makulli kafin ta kama, ko ta riƙa mutuwa a danja, ga fitilar cek a kunne. Ka kai ta gareji, a kira mai kwamfuta ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Lamba ta fito, P0340. Ya juyo maka da fuskar na'urar ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka, sansar kamshaf ta tafi." Nan take yaron da ya san shagon "orijinal" ya hau babur. A kawo sansa cikin kwali mai kyau, a ɗaura, a goge lambar, fitila ta mutu, ka biya kuɗin sansa da na kwamfuta da na aiki. Bayan 'yan kwanaki fitila ta dawo. Ka koma, a girgiza kai a ce ai birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin motar, ne ya ƙone, kuma wannan shi ne babban yankan da ake hari tun farko. Tsakanin mai kwamfuta da mai shago kuwa kashe-mu-raba ake yi.

Abin da ba sa faɗa muku shi ne, P0340 ba ta ce sansa ta mutu ba. Cewa ta yi birenbos ba ya samun saƙon da ya dace daga layin sansar. Aikin sansar shi ne ta sanar da birenbos inda kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji da rufe su, ya kai a juyawarsa, don ya san silindar da za a fesa wa fetur da lokacin ba ta wuta. Saƙon nan ta waya yake bi, ta soket yake ratsawa. Idan ɓera ya ci waya, ko zafin inji ya busar da robarta ta tsage, ko baƙin mai ya tsiyaya cikin soket, ko ruwan wankin inji ya shiga, lambar nan ce za ta fito alhali sansa lafiyarta ƙalau. Batir mai rauni ko kik da ke jan ƙafa ma suna iya haifar da ita. Shi ya sa mugun makanike ba ya shan wahala wajen ƙirƙiro ciwon: ya ɗan sassauta soket yayin juyen baƙin mai, ya jira ka dawo da ƙafarka.

Akwai kuma dangin wannan lamba da ake fakewa da su. P0341 tana nufin saƙon yana zuwa amma ba daidai ba. P0016 tana nufin kamshaf da kiranshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, ba sa tafiya tare, kuma sau da yawa sarƙar tayimin ce ta saki, ko ta tsallake haƙori, ko baƙin mai mai datti ya toshe bawul ɗin VVT-i mai daidaita tayimin ɗin kamshaf. Wanda ya sayar maka da sansa a kan P0016 ba tare da ya duba tayimin ba, ya ci kuɗinka kuma ya bar ka da inji mai shirin lalacewa. Wannan ya fi ba ni takaici, domin asarar ta wuce kuɗin sansa nesa ba kusa ba.

Gwajin gaskiya kuwa mitar awon lantarki yake buƙata, irin wadda kowane mai wayarin yake da ita. Idan sansar mai waya biyu ce, kamar ta Corolla mai injin 1ZZ, ana cire soket a auna ta. In inji ya huce, lafiyayya tana nuna tsakanin om 835 zuwa 1,400. Idan mai waya uku ce, a kunna makulli a duba ko wuta na zuwa, bolt 5 ko 12 gwargwadon mota, a duba wayar ƙasa, sannan a ga ko wayar saƙo tana hawa da sauka yayin da inji ke juyawa. A bi wayar har zuwa birenbos ana girgiza ta. Duk wanda ya yanke wa sansa hukunci bai ɗauko mita ba, ko dai bai iya aikin ba ko akwai abin da yake nema a aljihunka. Birenbos kuma shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, bayan an wanke waya da soket da batir da tayimin daga laifi.

Sai batun kayan da ake kawowa. Kwali da tambarin Toyota ko Denso ba shaida ba ne, masu jabu suna buga su tsaf. Wani lokaci ma tsohuwar sansa ce aka wanke da fetur aka sa a leda. Mafi muni, taka ta asali da aka cire, wadda ba abin da ya same ta, ita za a sayar wa wani gobe a matsayin 'yar Beljiyam. Don haka kafin a taɓa komai, ka ɗauki hoton lambar da wayarka, ka sa wa sansarka alama da fenti ko ƙusa, ka tsaya a cire ta a gabanka, ka tafi da ita gida. Idan an ɗaura sabuwa ciwon bai tafi ba, ka ce a mayar da taka a dawo maka da kuɗinka, kuma wannan sharaɗin tun kafin saye ake ƙulla shi, a rubuce a kan rasit.

Kada mutuwar fitila ta ruɗe ka. Goge lamba aikin danna maɓalli ne, cire kan batir ma yana yin sa a motoci da yawa, kuma fitilar za ta dawo da zarar birenbos ya sake cin karo da matsalar. Akwai marasa imanin da ke kashe fitilar cek ɗin gaba ɗaya daga bayan dashbod. Gane wannan ba wuya: ka murza makulli ba tare da ka tayar da inji ba, dole fitilar ta kama tare da sauran. In ba ta kama ba, an taɓa ta. Masu shirin sayen mota su ma su yi wannan gwajin kafin su biya.

Wanda aka riga aka cuta, ya fara kai ƙara wurin shugaban garejin ko reshen ƙungiyar makanikai ta NATA da ke yankinsa, da rasit da hoton lambar da tsohuwar sansar a hannu. Idan ba a share masa hawaye ba, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar irin wannan koke, batun kayan jabu kuma a sanar da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON.