Pedro Infante ko Jorge Negrete: wa za ka fara saurara?

Duk mai son sanin ranchera, wato wani salon waƙoƙin gargajiya na Meziko, ɗayan mutum biyun nan zai fara cin karo da shi.

Jorge Negrete, haifaffen Guanajuato a 1911, makarantar soja ya yi, ya kuma koyi waƙar opera. Shi ya sa muryarsa take da kauri da isa, ta cika fili. Ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Meziko, wato ANDA, ya auri tauraruwar fim María Félix a 1952, ciwon hanta ya yi ajalinsa a Los Angeles a 1953.

Pedro Infante kuwa ɗan talakawa ne. An haife shi a Mazatlán a 1917, ya tashi a Guamúchil yana aikin kafinta. Muryarsa taushi gare ta, kamar da kai kaɗai yake magana. Ya yi fina-finai wajen 60, galibi a matsayin talaka mai zuciya, abin da ya sa jama'a suka ɗauke shi nasu. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a Mérida ranar 15 ga Afrilu, 1957, kuma bayan rasuwarsa bikin fina-finai na Berlin ya karrama shi saboda fim ɗin Tizoc.

Ni dai Infante nake fara kunnawa. Mai son ganinsu tare ya nemi fim ɗin Dos tipos de cuidado.