Rumfar mai tuwo ko restoran: ina direban babbar mota zai ci abinci a Damagaram?

Wani ƙanenmu da bai daɗe da kama sitiyari ba ya yi tambaya. Yana ɗauko kaya daga Maraɗi zuwa Agadas, yana ratsawa ta Damagaram, to wanne ya fi masa: ya tsaya rumfunan masu tuwo na bakin hanya, ko ya shiga gari ya nemi restoran mai tebur da fanka? Tun ina karen mota nake bin hanyar nan, na ci a duka biyun, kuma duka biyun sun taɓa ɓata mini ciki. Bari in jera maka su ka gani, ƙanena.

Kafin cikinka, motarka tukuna. Tirela ba ta shiga kowane lungu. Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, lunguna ne matsattsu da duwatsu, ba wajenka ba ne. Tsakiyar gari kuwa ranar Alhamis, da kasuwar Dole ta cika, tsakanin amalanke da 'yan kabu-kabu sai ka yi da-na-sanin shigowa. Ma'ana, in restoran kake so, sai ka ajiye mota bakin gari, ka bar yaronka gadi, ka hau kabu-kabu. Rumfa ita ce take bin direba inda yake tsayawa: mashigar gari ta wajen Maraɗi, mafita ta hanyar Tanut, da mararrabar Takeita, wajen kilomita 50 kafin Damagaram, inda hanyar Matamaye ta rabu zuwa iyakar Najeriya. Kana zaune kan benci kana kai loma, idonka na kan tamfol ɗinka. Na taɓa shiga gari cin kaza, yarona ya ɓingire da barci ƙarƙashin mota, aka zuƙe mini gazuwal kusan jarka biyu. Kazar nan har yau ita ce mafi tsada da na taɓa ci.

Abincin kansa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Rumfa tana da tuwon gero ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake da mai da yaji, dambu da zogale, gefe ga mai fura, ga mai nama. Restoran zai ba ka shinkafa da miyar tumatir, taliya, soyayyen dankali, kaza, salak, da lemo mai sanyi. Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne nauyi. Malmala uku ta tuwo da rana tsaka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka ɗora fura da nono a kai, wallahi kafin ka yi nisa gyangyaɗi zai kama ka. Da rana dambu ko 'yar shinkafa da wake ta ishe ka. Tuwo a bar shi sai inda za a kwana.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne: ruwa. Damagaram gari ne da ya zauna kan dutse, ruwansa daga nesa ake janyo shi, tun daga Gogo da Macaya har Arunguza, kuma kowa ya san yadda famfo ke ɗaukewa in bazara ta kama. In ruwa ya yi tsada wajen 'yan garuwa, mai tuwo ba za ta rage na girki ba, na wanke kwano za ta rage. Shi ya sa kafin ka zauna, leƙa baho ɗin da ake wanke kwanuka. In ruwan ya koma kamar kunu, yi mata sallama ka wuce ta gaba, ko ka miƙa kwanonka na mota a zuba maka. Yawancinmu tsofaffin direbobi da kwano da cokali muke yawo, ba don girman kai ba.

Za ka ce to ai nan restoran ya ci. Ba lallai ba ne. Shi yana da tankin ruwa da sabulu a wajen wanke hannu, wannan gaskiya ne. Amma kicin ɗinsa a bayan bango yake, ba ka ganin komai. Kuma abin da yake taƙama da shi, wato firji, shi ne ke cutarwa in wuta tana ɗaukewa: nama ya narke, ya sake daskarewa, ya sake narkewa. Salak ma ba ka san da wane ruwa aka wanke shi ba. A rumfa tukunya a gabanka take kan murhu. In ka ga tururi na tashi, ga layin direbobi, abincin bai kwana ba. Haɗarin rumfa shi ne ɗumame da miyar da ta wuni a rana. Sau ɗaya na yi ganganci na ci irinta da yamma liƙis a wata rumfa da ba kowa, daga nan har Tanut na tsaya ya fi sau biyar ina neman bayan ƙaya da buta. Tun ranar, rumfar da ba ta da jama'a ba ta ganina. Ruwan sha kuwa, ko ina ka ci, sayi na leda ko ka sha na jarkarka.

Lokaci ma ya bambanta su. A rumfa kana zama an zubo maka, minti goma sha biyar ka gama har da alwala, don da wuya ka rasa shimfiɗar salla a kusa. A restoran sai an soya maka, ka haɗa da zuwa da dawowa, awa guda ta tafi. In dare ya tsala kuwa duk su biyun sun tashi, sai mai shayi: burodi, ƙwai, madara, shayi mai kauri. Shi ne uban gidan direban dare.

Kuɗi ba sai na ja ba. A rumfa kai ke yanke wa kanka, ka ce a zuba na dala ɗari, in bai isa ba a ƙara. A restoran farashi a rubuce yake, kuma jika ba ta daɗewa a can.

Akwai abin da restoran ba ya sayarwa ko nawa ka biya, shi ne labarin hanya. A bencin rumfa za ka haɗu da masu tankokin mai da ke lodi a matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut, wajen kilomita 50 daga gari. Za ka haɗu da wanda ya sauko daga Agadas jiya, da wanda ya fito Gure ko Magarya. Su za su gaya maka inda kwalta ta farfashe, inda rairayi ya hau hanya, inda wata mota ta kwanta ta tare rabin titi. In kuma ka saba da uwar tuwo guda, ranar da kuɗin hanya suka yanke za ta zuba maka, sai ka dawo.

To ni dai ga nawa hukuncin. In wucewa kake, rumfa, kuma mai cike da direbobi. Restoran na ranar da kake kwance ne a gari, kana jiran lodi ko takardun duwan, mota tana wuri mai gadi. Ranar ka yi wanka, ka sa riga mai tsabta, ka je ka zauna ƙarƙashin fanka ka ci kazarka, ka cancanta.

Tunda arewa ka nufa, kada ka bar Damagaram hannu rabbana. Agadas kusan kilomita 450 ce daga nan. Tanut, wajen kilomita 150, za ka samu abinci mai zafi, amma daga can zuwa Adarbisanat sai abin da ka riƙo. Cika jarkunanka tun a gari, ka sayi burodi, kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, sukari da ganyen shayi, ka ƙara kason yaronka a ciki, don in taya ta fashe a dajin nan shi zai fi ka jin yunwa.