Sif ɗin yadi da durowar roba, bayan shekara ɗaya ina amfani da su a ƙaramin ɗaki

Gidan da muke haya a nan Kano ciki da falo ne, uwar ɗakan ƙafa 12 da 12 ce, gadona kuma 6 da 6, to kin ga tun kafin a shigo da komai gado kaɗai ya cinye kwatan ɗakin. Sif ɗin katakon da Baba ya yi min na aure mai ƙofa 4 ne, ranar jere babu yadda su Gwaggo ba su yi ba amma ya ƙi wucewa ta soro, kafinta kuma ya ce ko an kwance shi an sake haɗawa a ciki ba zan samu hanyar wucewa tsakaninsa da gado ba, haka aka mayar da shi gidan Umma yana can har yau. Sai kayan lefena suka yi zamansu a akwatuna ɗaya kan ɗaya a lungu, ragowar a gana-mas-go ƙarƙashin gado. Duk ranar da zan je biki sai na sauke akwati uku kafin in kai ga leshin da nake so, in na same shi ɗankwalinsa yana wani wajen, mayafin da zai shiga da shi yana wani wajen, maigida kuma yana ƙofar gida yana jira. Wallahi abin yana ci min rai sosai.

Bara bayan ƙaramar sallah ni da Yayata muka shiga kasuwa, na sayo durowar roba mai hawa 5 a Ƙofar Wambai wajen 'yan robobi, sai a wani shago daban na ɗauki sif ɗin yadi irin mai zif ɗin nan da ake haɗawa da siraran bututun ƙarfe, da wani rataye mai aljihuna na bayan ƙyaure wanda asalinsa na takalma ne. Duka ukun kuɗinsu bai kai rabin abin da kafinta ya yanka min na ƙaramin sif mai ƙofa 2 ba. Yanzu sun ga zafi sun ga damina sun ga hunturu a hannuna, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi yadda suke.

Sif ɗin yadin a kwali yake zuwa, da 'yar takarda mai hotuna, ni da ƙanina muka haɗa shi cikin kamar awa ɗaya. Abin da ya kamata ki sani tun farko shi ne duk ƙarfinsa a kan ƙananan robobin nan yake da suke riƙe bututun a mahaɗa, su kuma kantocin ba katako ba ne, yadi ne kawai aka shimfiɗa tsakanin ƙarfe biyu. Da na tambayi mai shagon na ce Malam zai ɗauki atamfofi kuwa, cewa ya yi Hajiya zuba masa kawai ba abin da zai yi. To ba haka ba ne gaskiya. Turmin atamfa yadi 6 ne, in kika jera goma a kanta ɗaya kika ƙara da shadda da leshi mai duwatsu nauyi ne na gaske, sati biyu kantar ta lotsa ta zama kamar kwano, na ƙi kula, can cikin damina da daddare muka ji ƙas, robar mahaɗa ɗaya ta tsage sif ɗin gaba ɗaya ya karkace ya jingina da bango. Allah ya taimaka ba ta ɓangaren da yarinya take kwance ya yi ba, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan.

Ban yar da shi ba. Ƙanina ya ɗaure mahaɗar da irin ɗaurin robar nan na masu wayarin, ya je wajen kafinta aka yanko mana sirarin filawud daidai faɗin kowace kanta muka shimfiɗa a kai, sannan na mayar da atamfofin da ba a ɗinka ba da lesuka masu nauyi cikin akwati ɗaya na tura ƙarƙashin gado. A sif ɗin na bar abayoyi da dogayen riguna da hijabai a hanga, kayan sawa na yau da kullum a ninke, mai ɗan nauyi a kantar ƙasa. Tun daga nan bai sake motsi ba. Ke nan in za ki saya ki sa kuɗin filawud a lissafinki, kuma wajen haɗawa ki bubbuga kowane bututu ya shige robarsa har ƙarshe, in ya tsaya rabi nan zai fara tsagewa.

Inda na yaba masa shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu kin san yadda ƙura take shiga ko'ina ko an rufe taga, amma in zif ɗin a rufe yake baƙar abaya ma tas nake ɗaukar ta. Zif ɗin yakan cije in ƙura ta taru, sai in goga masa kyandir ya saki. Damina ce matsalarsa, a watan Agusta bangonmu yakan jiƙe ta ƙasa, na ga funfuna ta fara fitowa a bayan yadin har warin ya kama wasu riguna, sai da na janyo shi na bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango, ina kuma buɗe zif ɗin da rana iska ta shiga. Ƙananan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko cikin jaka kar ki zubar, danshi suke tsotsewa, ni tara su nake ina zubawa a kusurwoyin. Kuma kar ki ajiye shi inda rana take bugawa ta taga, irin wannan yadin rana tana cinye shi ya riƙa marmashewa.

Durowar robar kuwa ita ce abin da ban taɓa da-na-sanin saye ba. Da can kayan kwalliyata a kan madubi suke a baje, hoda da jan baki da kwalli da jagira da gazal duk ƙura ta hau su, lokacin zafi kuma, kin san Afrilu a Kano ma'auni yana haura 40, jan bakina guda biyu narkewa suka yi don madubin kusa da taga yake. Yanzu hawan sama na kwalliyar kullum ne, na raba cikinsa da robobin askirim da gindin kwalayen turare da na yanke, kowane abu da gurbinsa, burushi a tsaye cikin gwangwanin madara. Garin wannan jeren ne ma na lura da wani ɗan zanen kwalba mai buɗaɗɗen murfi a jikin kayan, an rubuta 6M ko 12M, ma'anarsa watannin da abin zai yi yana da kyau bayan an buɗe shi, ranar na zubar da maskara da ta daɗe da wuce lokacinta ina ta sa ta a ido. Dan Allah ku duba naku.

Hawa na biyu na sarƙoƙi ne da 'yan kunne da awarwaro da zobba. Siraran sarƙoƙi ina zura kowacce a cikin tsinken shan lemo in ɗaura maƙallinta, ba ta ƙara harɗewa da 'yar uwarta, 'yan kunne kuma a farantin ƙanƙara na firij, kowane rami ƙafa ɗaya. Turaruka da humra a hawan ƙasa suke a tsaye, ɗaya don kwalabe suna da nauyi sai su danne durowar, biyu don turare ba ya son haske da zafi, uku kuma in yana kusa da sarƙar fashin yana sa ta yi baƙi da wuri. Gwal dai kar ki sa a ciki, ba ta da makulli.

Tana da nata aibin. Tayoyin da take zuwa da su ba su da ƙwari, na cire su gaba ɗaya don yarinya tana jan ta, kuma aljihun ba shi da abin tsayarwa, in kika ja da ƙarfi fitowa yake duka ya zube. Humra ta taɓa zubewa a ciki, har yau ƙamshin bai bar robar ba duk wankin da na yi. In kin je saye ki ja kowane aljihu ki mayar, ki danna ƙasansa da yatsa, wadda take lanƙwasawa kamar faranti ki bar ta ki ƙara kuɗi ki ɗauki mai kauri.

Ratayen bayan ƙyauren shi ya fi arha kuma shi ya raba ni da neman mayafi. Aljihu 24 gare shi masu nuna abin da ke ciki, ina naɗe kowane mayafi ko ɗankwali in cusa a aljihu ɗaya, da na rufe ƙofa duk kalolin suna gabana. Ƙugiyoyinsa sun hana ƙofar rufuwa da kyau, sai na nemi izinin mai gidan aka kafa ƙananan ƙusoshi huɗu a jikin ƙyauren.

Sai maganar kafur, don da na haɗa sif ɗin Gwaggo ta ce in zuba saboda kyankyaso da asu. Na zuba a akwatin atamfofi da yake rufe, amma ban sa inda kayan yarinya suke ba, saboda farin kafur ɗin nan na ƙwallo yawanci naftalin ne, likitoci suna hana sa shi a kayan jarirai don yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani, ga shi kuma yaro mai rarrafe zai ɗauka alewa ce. A sif ɗin kanumfari nake ƙullewa a ɗan ƙyalle in sa a kowace kanta, ranar Juma'a kuma in fito da kayan in turara su da turaren wuta a kan kabbasa, su huce sannan in mayar in ja zif.