Birki da shim ko babu shim, amsa ga mai tsohon babur

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce bakanike ya canza maka fad ɗin birkin gaba (wato abin da ke matse faifan ƙarfen da ke jikin taya don babur ya tsaya), ya cire wani siririn ƙarfe da ke manne a bayan tsohon fad ɗin ya ce ba shi da amfani, kana tambaya ko dole ne a mayar. Sunansa shim, zamansa tsakanin bayan fad da fistin ɗin kalifa, kalifa kuwa ita ce gidan da fad ke zaune a ciki, fistin ɗinta ne ke tura fad ya matse faifai.

Kafin nan, masu Boxer BM100 da Jincheng AX100 ku kwantar da hankalinku, naku birkin shu ne gaba da baya, babu shim a ciki. Maganar masu birkin faifai ce.

To idan akwai shim me ake samu? Lokacin da ka matse birki fad yana ɗan karkarwa a jikin faifai, karkarwar nan ita ce ƙarar ƙiiii da ke sa kowa waiwayowa a go-slow ɗin Ƙofar Nassarawa, shim ɗin ne ke shanye ta, shi ya sa wasu ake shafa musu roba a gefe ɗaya. Aikinsa na biyu rage zafin da ke ratsawa zuwa fistin da man birki. Sabon man birki irin na DOT 4 sai wajen digiri 230 na Celsius yake tafasa, amma in ya tsufa ya sha danshi yakan sauko wajen 155, kuma tsohon babur galibi man birkinsa ya daɗe ba a zubar ba.

Idan babu shi fa? Birki zai kama yadda ya saba, domin fad da faifai ne ke tsayar da babur ba shim ba. Abin da za ka iya fuskanta shi ne ƙara, musamman da hunturu in ƙura ta cika kalifa. Batun zafi kuma Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangara mai tsawo da za ka yi ta riƙe birki, don haka bai cika zama matsala ba.

Ni dai ra'ayina, tunda kamfani ya saka shi tun asali a mayar da shi, in bai lanƙwashe ba kuma tsatsa ba ta cinye shi ba. A goge, a shafa giris na birki kaɗan a baya kawai, kar ya taɓa fuskar fad ko faifai. Amma ka duba sabon fad ɗin tukuna, da yawa suna zuwa da nasu a manne, in ka ɗora wani a kai ya yi kauri, birki ya riƙa jan taya, faifai ya ɗau zafi. Kuma don Allah kar a yanko gwangwanin madara a cusa da sunan shim, gara babu da wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne kar a ce ba shim ya cire ba, sifirin ɗin da ke riƙe fad ne, suna kama da juna ga wanda bai saba ba, shi kuwa wannan ba a tafiya babu shi. Ka koma wajensa ya nuna maka abin a hannu. Bayan an haɗa ka matsa birki sau da yawa har ya yi tauri, ka ɗaga tayar gaba ka juya ka ga tana tafiya ba ta cijewa, sannan ka hau titi.