Masu kwashe kayan da suka fitar mana da sef ɗin Baba daga Gesse

Mako uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna ramin da ke tsakiyar ɗakin Baba sai raina ya sake ɓaci. Shi ya sa na ce bari in rubuta saboda masu niyyar kiran waɗannan samarin da ke tallar kwashe kaya a Facebook nan Birnin Kebbi. Ba zan kama suna ba. Kujeru, gadaje, firji, duk sun kai su lafiya, ba ni da ta cewa a kansu. Maganata a kan sef ce.

Bayan rasuwar mahaifinmu gidan Gesse ya yi wa Hajiya girma. Ƙannena mata duk sun yi aure, ɗakuna shida sai tsohuwa ɗaya da 'yar riƙonta, ga shara ga kuɗin wuta. Muka yi shawara aka sayar, ta dawo ƙaramin gida kusa da ni a Badariya. Komai ya samu wurin zuwa ban da sef ɗin da Baba ke ajiye bindigarsa mai baki biyu, wadda yake harbin zabin daji da agwagin ruwa da ita a fadamar wajen Argungu lokacin yana da ƙarfi. Da sef ɗin ya taso daga Sakkwato a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka maido ma'aikata gida. Tsayinsa ya kai kafaɗata. Ita bindigar tun bayan sadakar bakwai muka kai wa 'yan sanda tare da takardarta, tunda lasisin da sunan Baba yake, ba ya shiga cikin kayan gado yadda agogo ko gona ke shiga. Aka bar mu da akwatin ƙarfe wanda ba ɗakin da zai ɗauke shi a sabon gidan.

Na ɗauka sayarwa ba za ta yi wuya ba. Ashe ba mai nema. A 2023 rundunar 'yan sanda ta dakatar da ba da sabon lasisin bindiga, to wa zai sayi ma'ajiyar abin da ba shi da shi? Na kira 'yan jari-bola, ɗayansu ya ƙwanƙwasa gefen ya ce min ba duka ƙarfe ba ne, bango biyu ne da wani abu kamar siminti a tsakani saboda gobara, kuma su ƙarfe suke aunawa a sikeli. Abin da ya taya ko kuɗin mota bai kai ba. Daga ƙarshe wani dillalin shinkafa ya ce yana so don ajiyar kuɗi da takardu, amma da sharaɗin in dire masa shi a bakin shago.

A nan na nemo waɗannan mutane. Na tura wa ogansu hoto, na auna tsawo da faɗi, na ce masa nauyin ba zai gaza buhun siminti shida ba. Ya ce, "Alhaji kwantar da hankalinka, mun ɗauki wanda ya fi wannan." Ya yi alkawarin mutum shida da sarƙar ɗaga inji irin ta makanikai, ya ce bakwai na safe suna ƙofar gida. Na tura masa rabin kuɗin a daren. Kowa ya san Afrilun Birnin Kebbi, aikin ƙarfi in ya wuce hantsi ya zama azaba. Sai bayan azahar suka iso, su huɗu da direban Kanta, ba sarƙa, ba komai sai igiya da tsohuwar taya.

Sun fi rabin awa suna turawa sef ko gezau. Direban ne, wani dattijo da ya leƙo neman ruwan sha, ya ce a buɗe a duba ƙasan. Noti huɗu ne suka kafe shi da daɓe. Wanda ya ce ya ɗauki irin wannan da yawa bai san ana kafe su ba. Aka aiki yaro ya aro sifana, aka kwance. To daga nan ne abin ya lalace. Ƙofar sef ita ce ta fi kowane ɓangare nauyi, in tana buɗe duk nauyin gaba yake rinjaya, notin nan ne ke riƙe shi. Dattijon ya ce a rufe a kulle kafin a taɓa. Ogan ya ce a bar ta a buɗe don a samu wurin kamawa. Ni ma na sa baki na ce, "Ɗana, ji maganar Baba direba." Ya ce min, "Alhaji aikinmu ne, ka ɗan ja baya."

Biyu suka shiga baya suka tura, ƙaraminsu yana gaba ya riƙe ƙofar. Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Gidan gaba ɗaya ya amsa, Hajiya ta fito tsakar gida tana salati ba ko mayafi, maƙwabta suka shigo. Kusurwar ƙofar ta soki tarazon ta haƙa rami, tsagewar ta tafi har gindin bango. Tsakanin ƙarfen da ƙafar yaron bai kai taƙi ɗaya ba, silifas ɗinsa ma a ƙarƙashi ya rage. Yaron ya zauna ƙasa jikinsa na rawa, ni kuma na kasa magana. Da ya same shi ƙafar ta tafi, ɗan mutane, a ɗakin mahaifina, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kuma abin da ogan ya fara cewa shi ne daɓen dama ya tsufa. Bai tambayi yaron ko ya ji ciwo ba. Wannan kalma ita ta fi ramin yi min zafi.

A lokacin na yanke cewa zan kore su, rabin kuɗin ma na yafe. Abin da ya tsayar da ni shi ne yaron nan. Akwai wata 'yar durowa a cikin sef ɗin daga sama, makullinta ya ɓace tun Baba na da rai, mun ɗauka babu komai ciki. Faɗuwar ta ɓalle ta. Muna tsakar gida muna lallashin Hajiya, yaron ya fito yana ɗingishi da ƙulli a hannu ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ga wannan ya faɗo." Takardar gonar Baba ce da muka yi wata biyu muna nema, da wasu 'yan kunnen zinariya da Hajiya ta ba shi ajiya shekaru da yawa har ta fitar da rai. Ba wanda ya ga faɗowarsu. Da ya sa a aljihu ba mai sani har abada. Hajiya ta riƙe 'yan kunnen tana kuka tana sa masa albarka. Saboda shi na ce a ci gaba, kuma saboda shi har na fara tunanin ko na tsananta, ko kuskure ne irin na ɗan Adam.

Sauran aikin dattijon direba ne ya karɓe shi, kuma wallahi ya iya. Ya ɗauko jak ɗin motarsa da katakai aka ɗaga a hankali, ana cusa katako ana ƙarawa. Ya nuna musu hinjin a waje yake, aka ɗage ƙofar sama ta fita daga mazauninta, mutum uku suka ɗauke ta daban. Ya sa aka aro guntayen fayif huɗu a wurin mai walda na bakin layi, aka kwantar da gangar jikin a kai ana mirginawa, in na baya ya fita a maido shi gaba. Abin da ya gagari ƙarti huɗu sai ga shi yana tafiya da turin mutum biyu. Da haka aka fara da ba abin da zai fashe.

Amma da muka zo bakin ƙofa sai wata ta taso, kuma ita ma laifin ogan ce, don na tura masa faɗin sef ɗin, abin da ya rage ya auna ƙofa. Lokacin da aka shigar da shi ƙofar katako ce, daga baya Baba ya sa ta ƙarfe mai kauri, faɗin ya ragu. Sai da aka fasa gefe ɗaya aka cire firam ɗin. Ana kiran magariba muna cikin ƙura. Ya rantse min gobe da safe zai turo birkila ya gyara daɓe da ƙofa daga cikin kuɗinsa, na yarda na cika masa ragowar don yaran su samu haƙƙinsu a daren. Har ya nemi ƙari wai aikin ya fi yadda aka faɗa masa, alhali duk abin da na faɗa yana nan a wayarsa.

Birkila bai zo ba. Na kira sau tara cikin kwana huɗu, biyu ya ɗauka, ɗaya ya ce yana Jega, ɗaya ya ce yana Kalgo, daga nan waya ta daina shiga. Wanda ya sayi gidan mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, amma ya zo ya ga ramin, kuma tarazo irin na da ba a faci ya dace, sai dai a tayar da ɗakin duka a sa tayil. Ni zan biya. Wanda zai kira su don gado da katifa ya kira, amma abu mai nauyi irin wannan kada ka bari su taɓa sai ka ga kayan aiki da idonka, kuma ka riƙe ragowar kuɗinka har a gama gyara.

Yaron na neme shi daban ta hannun direban, Hajiya ta aika masa da shadda da sabon takalmi. Ya ce min a ranar abin da ogan ya ba shi bai kai na sauran ba, wai shi ne bai riƙe ƙofar da kyau ba.